Maiƙon Jini: Baƙon da Ba Ya Sallama

Yau a filinmu na kiwon lafiya za mu yi magana a kan abin da likitoci ke kira kolesterol, mu kuma mu ce masa maiƙon jini ko kitsen jini. Ba mamaki wani a cikinku ya taɓa zuwa asibiti a Maraɗi ko Katsina, ko a Ƙonni ko Sakkwato, aka ɗebi jininsa, aka miƙo masa takarda aka ce, "Kolesterol ɗinka ya hau, sai ka rage maiƙo." Ya naɗe takarda ya jefa aljihu, ya kama hanya, don shi dai bai ji ciwon komai ba. To, wannan rashin jin ciwon shi ne babban haɗarin abin, kuma shi ya sa muka ɗauko zancen.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 17.9 ne suka mutu ta dalilin cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke, irin namu. Saboda haka a daina cewa ciwon Turawa ne ko na manyan attajirai. Yawan maiƙon jini na cikin manyan abubuwan da ke jawo waɗannan cututtuka, tare da hawan jini da ciwon suga da shan taba.

Bari mu fara da sanin shi kansa kolesterol ɗin. Wani irin maiƙo ne mai kama da kakin zuma, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta ta jikinka. Da shi hanta ke yin ruwan matsarmama, wanda ke narkar da maiƙon da ka ci. Da shi jiki ke haɗa sinadaran mazakuta da na mata, har da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi idan rana ta taɓa fata. Mafi yawansa hantarka ce ke yinsa da kanta, ko da ba ka ci nama ba. Ragowar kuma yana shigowa ta abincin da ya fito daga dabba: nama, kayan ciki, ƙwai, nono da man shanu. Kun ga ashe ba guba ba ne. Yawansa ne matsala.

Kowa ya san mai ba ya gauraya da ruwa. Don haka kolesterol ba ya iya yawo cikin jini shi kaɗai, sai an ɗauke shi. Ku 'yan kasuwa za ku fi saurin gane wannan. Ku ɗauki hanta a matsayin sito, jijiyoyin jini kuma su ne hanyoyi. Akwai motoci iri biyu. Na farko, da ake rubutawa LDL a takardar gwaji, su ke ɗaukar kaya daga sito su rarraba wa sassan jiki. Na biyu, HDL, su ke bi su kwashe ragowar kayan da ba a buƙata su mayar sito. Idan motocin rabon kaya suka yi yawa, sai kaya ya riƙa zubewa a hanya, yana shiga cikin bangon jijiya yana taruwa. Shi ya sa ake ce wa LDL mugun kolesterol, HDL kuma mai kyau. Akwai wani maiƙon na uku da ake aunawa tare da su, tiraigilisarid, wanda yawan sukari da ƙiba da giya ke sa ya hau.

Kai makiyayi, ka san yadda burtali ke ƙanƙancewa. Ba a rana ɗaya ake cinye shi ba. Bana a ci taku ɗaya daga wannan gefe, baɗi a ci taku biyu daga wancan, har wata rana ka zo da garke ka tarar sai saniya ɗaya-ɗaya ke iya wucewa. Haka jijiya take. Shekara goma, shekara ashirin, maiƙo na taruwa a bangonta yana tauri, hanyar jini na matsewa, kai kuwa kana ta harkokinka lafiya lau. Sai ranar da wannan tarin ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe gaba ɗaya, kamar tirela ta faɗi a kan ƙaramar gada. In a jijiyar zuciya abin ya faru, shi ne bugun zuciya. In a ta ƙwaƙwalwa ne, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Sau nawa muka ji an ce, "Wane da shi muka yi ciniki da safe, da la'asar ya yanke jiki ya faɗi"? Sai a ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa. Sau da yawa kuwa jijiya ce ta toshe ko ta fashe, kuma abin ya daɗe yana tafe.

Na san abin da wani dattijo a ruga zai ce yanzu: "Mu da iyayenmu da kakanninmu da nono da man shanu muka tashi, ba mu san wannan ciwo ba." Maganarka akwai ƙamshin gaskiya, Baffa, kuma masana sun bincika. A shekarar 2001 an buga wani bincike da aka yi a kan Fulani makiyaya na tsaunin Jos. An tarar kusan rabin ƙarfin da suke samu daga abinci daga maiƙo yake fitowa, yawancinsa na nono da mai, amma da aka auna jininsu sai aka ga maiƙon bai kai na haɗari ba. Masu binciken sun danganta haka da abubuwan da ku ma kun sani: mutane ne marasa ƙiba, ba sa cika ciki fiye da kima, kuma wuni suke yi a kan ƙafafunsu. Wanda ya bi shanu tun hantsi har faɗuwar rana, ya ja guga ya shayar da garke, abin da ya ci ba ya zama a jikinsa.

Amma a dubi yadda rayuwa ta sauya. Yau makiyayi da yawa a kan babur suke zagaya garke. Wani ya bar wa yara kiwo ya koma dillancin shanu a kara, daga Maigatari zuwa Illela. Wani ya buɗe shago a Jibiya ko Ɗan Isa, yana zaune kan benci daga safe har dare. Direba ya kwana uku a layin iyaka yana jiran takardu, ba abin da yake yi sai zama da ci. Tafiyar ƙafa ta tafi, amma man shanun bai ragu ba, sai ma ƙari da aka samu: da safe burodi da bota da ƙwai huɗu a teburin mai shayi, da rana shinkafa da mai yana ninƙaya, da la'asar ƙosai da soyayyar doya da lemon kwalba, da dare tsire da kitse. Ga shayi ƙaramin kofi zagaye uku, kowanne sukari kamar zuma. Sai tumbi ya fito, jama'a su ce Alhaji ya samu hutu. A nan ne baƙon namu ke shigowa. Duk wanda ya sauka daga tafiya ya koma zama, dole kwanonsa ma ya sauya.

Kada kuma siriri ya ce shi ya tsira. Akwai masu gadon abin daga iyaye, wajen mutum 1 cikin 250, waɗanda kolesterol ɗinsu a sama yake tun suna yara, ko me suka ci. Idan a gidanku an sha yin mutuwar fuju'a ko bugun zuciya tun mutum bai kai shekara 55 ba, ko ka ga wani ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa a fatar idonka, ko ƙullutu a agarar dunduniya, ka nemi gwaji da wuri, kai da 'yan'uwanka da 'ya'yanka. Mata ma, bayan jinin al'ada ya ɗauke, mugun kolesterol kan hau. Ciwon suga, ciwon ƙoda da raunin maƙoƙo duk suna iya ɗaga shi. Su kuma ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayar wa 'yan mata da amare a kasuwa, wasunsu na ɗaga suga da hawan jini da maiƙon jini gaba ɗaya. Iyaye mata, a yi hattara.

Hanya ɗaya ce tak ta sanin matsayinka: gwajin jini. Babu mai duban fuskarka ko ya taɓa hannunka ya faɗa maka. Wasu wuraren gwaji za su ce ka zo da safe ba ka ci komai ba na awa 9 zuwa 12, sai ruwa kawai, don haka ka tambaya tun kafin ranar. Baligi mai lafiya ya auna duk shekara huɗu zuwa shida. Wanda ya haura arba'in, ko mai hawan jini, ko ciwon suga, ko tumbi, ko mai shan taba, ya fi kusa-kusa, yadda likita ya tsara masa.

Ga wani abu da ya shafe ku musamman, ku masu ƙetare iyaka. Yadda kuɗi ke da naira da sefa, haka awon nan ke da ma'auni daban-daban. A Nijeriya galibi za ka ga an rubuta mmol/L ko mg/dL. A Nijar da sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci sau da yawa g/L ake rubutawa. Jimillar kolesterol ana so ta kasance ƙasa da 5.2 mmol/L, wanda shi ne 200 mg/dL, kuma shi ne 2 g/L. Duk abu ɗaya ne, canji ne kawai. Saboda haka in takardarka ta Damagaram ta ce 2, ta Kano kuma ta ce 5.2, kada hankalinka ya tashi ka ce abin ya ninka. Shi LDL, mafi kyau ya tsaya ƙasa da 2.6 mmol/L, wato 100 mg/dL ko 1 g/L. HDL kuwa ana son sa da yawa: kada ya gaza 1.0 mmol/L ga namiji, 1.3 ga mace. Tiraigilisarid ƙasa da 1.7 mmol/L, wato 150 mg/dL. Ka adana takardunka wuri ɗaya da takardun tafiya, ka nuna wa duk likitan da ka je wurinsa, ko a wane gefen iyaka yake.

To, yanzu mu zo ga abin da mutum zai yi da hannunsa, a gidansa da kan hanyarsa.

Abu na farko shi ne irin man da ake ci. Ga alama mai sauƙi: duk man da ke daskarewa idan sanyin hunturu ya shigo, a yi masa a hankali. Man shanu, kitse, tozo, manja, man kwakwa, duk suna da irin maiƙon da ke sa hanta ta kasa kwashe LDL daga jini. Mutane na cewa ai manja daga itace yake, ba shi da kolesterol. Gaskiya ne ba shi da shi, amma kusan rabinsa maiƙo ne mai daskarewa, kuma wannan maiƙon ya fi kolesterol ɗin cikin abinci ɗaga na jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan maiƙo kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ga matsakaicin mutum, babban cokali uku na man shanu ya riga ya cinye wannan kason, tun ba a lissafa nama da nono ba. Ba mu ce a daina ba, don mun san daɗin tuwon dawa da miyar kuka da ɗan man shanu a kai. A sa ƙaramin cokali don ƙamshi, a bar zuba shi da ludayi. Girkin yau da kullum a yi shi da man gyaɗa, man riɗi ko man waken suya, shi ma da awo.

Na biyu, nono. Ke uwar gida a ruga, ke kika fi kowa sanin bambancin kindirmo da tsala. Nonon da aka kaɗe aka cire mansa yana nan da abin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi, maiƙon ne kawai ya ragu. Maigidan da ya daina bin shanu, ko aka ce jininsa ya yi maiƙo, a dama masa fura da tsala, a rage sukari ko a bar shi gaba ɗaya. Kindirmo a bar wa yara masu tasowa da samarin da ke wuni a daji. Man da aka cire kuma ya tafi kasuwa ya zama kuɗi.

Na uku, nama. In ka tsaya wurin mai tsire ko balangu, ka ce a yanka maka tsoka, a bar kitsen. Gashi da dafuwa sun fi suya. Kaza da zabo a cire fata. Ƙwaƙwalwa, hanta da ƙoda suna da kolesterol mai yawa, ƙwaƙwalwa ta fi duka, don haka wanda nasa ya hau ya riƙa cin su jefi-jefi. Lokacin babbar Sallah, naman da aka soye cikin kitsensa ana ci har wata guda, wannan ma a kula: a yi kilishi ko a busar da wani, a raba wani. Kifi kuwa a ƙara, sau biyu a mako in da hali, ɗanye ko banda ko sadin na gwangwani. Ƙwai ɗaya a rana ba laifi ga mai lafiya. Huɗu a soye cikin mai kowace safiya ne ba mu so.

Na huɗu, soye-soyen kasuwa da kayan leda. Man da aka soya ƙosai da shi jiya, aka soya fanke yau, aka ajiye don awarar gobe har ya yi baƙi, ya lalace, kuma yana cutar da jijiyoyi. Akwai kuma wani mai da masana'antu ke daskarar da shi da gangan, ana samunsa a wasu nau'o'in bota da biskit da kek. Wannan shi ne mafi muni, don yana ɗaga mugun kolesterol ya kuma rage mai kyau. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ke kiran ƙasashe su kawar da shi daga abinci. Matafiyi ya yi guzurin gyaɗa, aya, gurjiya dafaffiya, ƙuli-ƙuli, dabino kaɗan, ya fi masa biskit da lemon kwalba, ya kuma fi riƙe ciki.

Na biyar, wanda ya fi daɗin ji: akwai abincin da ke rage kolesterol, kuma yawancinsa namu ne na gado. Ga yadda abin yake. Mun ce hanta na amfani da kolesterol ta yi ruwan matsarmama. Bayan ruwan ya gama aiki a hanji, jiki kan tsotse mafi yawansa ya mayar. Amma akwai wani irin harza mai yauƙi a cikin wasu abinci da ke kama wannan ruwa ya fita da shi ta bayan gida. Sai hanta ta koma ta jawo kolesterol daga jini don ta yi sabo, na jinin ya ragu. Ina ake samun wannan? Kuɓewa, wake, gurjiya, garin 'ya'yan kuka, gauta, gwaba, mangwaro, lemon zaƙi, karas. Yauƙin nan na miyar kuɓewa da wasu ke rainawa, aiki yake yi. A haɗa da ganye: zogale, rama, alayyafo, lalo, yakuwa, tafasa. Hukumar Lafiya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace a rana, kamar cikin tafin hannu biyar. Gero da dawa kuma kada a surfe su har su yi fari fat. Dusar da muke zuba wa awaki, rabin amfanin hatsin a cikinta yake. Dambu da zogale, ɗanwake, shinkafa da wake, faten wake, kwaɗon rama da ƙuli: wannan ba abincin talauci ba ne, abincin tsawon rai ne. A rage gishiri da dunƙule ma, a koma wa daddawa, saboda hawan jini da maiƙon jini abokan tafiya ne. Gishirin rana duka kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Na shida, motsa jiki. Abin da ake nema aƙalla minti 150 ne a mako na tafiya da sauri, wato rabin awa sau biyar. Mai bin garke da ƙafa ya wuce nan nesa. Kai mai shago, bar babur a gida wata rana ka taka zuwa kasuwa. Kai direba, in layi ya tsaya a iyaka, sauko ka zagaya, maimakon kwanciya ƙarƙashin mota wuni guda. Tafiya na ɗaga HDL, tana rage tiraigilisarid da suga da hawan jini. Mai ƙiba in ya rage ko da kilo 5 cikin 100 na nauyinsa, za a ga bambanci a jininsa.

Na bakwai, taba. Sigari da shisha na ƙuje bangon jijiya ta ciki, su buɗe wa maiƙo ƙofa, su kuma rage HDL. Wanda ke da kolesterol yana shan taba, wuta ce da fetur. A daina, kuma a daina busa wa iyali hayaƙi a ɗaki.

In mutum ya kama waɗannan da gaske, bayan wata uku ya koma a sake aunawa. Da yawa za su ga ya sauka. Wasu kuwa, musamman masu gado, ko masu ciwon suga, ko wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki, gyaran abinci kaɗai ba zai ishe su ba. Likita zai rubuta musu magani, galibi daga dangin da ake kira sitatin, wanda ke rage yawan kolesterol da hanta ke yi. In an rubuta maka, ka sha kullum. Ba irin maganin zazzaɓi ba ne da ake bari in an ji sauƙi. In za ka yi doguwar tafiya, ka ɗauki wanda zai ishe ka, ka riƙe kwalin don a ba ka irinsa a wancan gefen, kuma ka saya a kantin magani mai rajista, ba a faranti cikin rana ba. In ka ji ciwon tsoka mai tsanani, ko fitsari ya yi duhu, ka koma wurin likita. Mai ciki, ko mai shayarwa, ko mai neman ciki, ta faɗa wa likita tun kafin a rubuta mata.

Sai masu lasifika a kasuwa, da ke tallan jiƙon da wai ke narkar da kitse cikin kwana bakwai. Jama'a, abin da ya yi shekara ashirin yana taruwa a bangon jijiya, ba kwalbar da za ta wanke shi a mako guda. Tafarnuwa, citta, lemon tsami da zoɓo marar sukari abinci ne masu kyau, a ci a sha. Amma ba sa maye gurbin gwaji ko maganin likita. Haɗin da ba ka san abin da ke cikinsa ba kuwa yana iya taɓa maka ƙoda ko hanta, ka je neman ƙiba ka samo rama.

Kafin mu rufe, ga alamun da ba a jira da su. In mutum ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu, ciwon na sauka hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi ga sarƙewar numfashi. Ko bakinsa ya karkace farat ɗaya, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta harɗe, to a nemi mota nan take a nufi asibiti mafi kusa, ko da na ƙetaren iyaka ne. Kada a tsaya turare ko shafe-shafe, kada a ɗura masa komai a baki, kada a ce a bari gari ya waye. Awannin farko su ne ke raba wanda zai tashi da wanda zai kwanta.

Makiyayi ba ya jiran saniya ta faɗi kafin ya kai ta allurar rigakafi. Ɗan kasuwa ba ya jiran shago ya karye kafin ya yi lissafi. Ku yi wa jikinku irin wannan adalcin. Ranar kasuwa mai zuwa, in kun shigo gari, ku ware awa ɗaya ku je a auna muku jini da hawan jini, ku tafi da uwar gida ita ma a auna ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya albarkaci garke da kasuwa. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, ku huta lafiya.